Tsohuwar Amfilifayar Kawu

Mai karatu, wannan makon zan ɗan ajiye labarin da muke bi, domin akwai wani tarihi da ya tsaya mini a rai. Farkonsa wani baƙin akwati ne da ya shekara ashirin a ƙarƙashin gadon Kawuna a Unguwar Boro, can kudu da kogin Kaduna. Amfilifayar gita ce, ƙirar Peavey Bandit 65. Bayan rasuwarsa iyalinsa suka yi shawarar a sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo. Ni na hana, don kuwa ni na kashe ta. Ina yaro na cire ƙaramin tiransifoman da ke rage mata wuta na soka ta kai tsaye a bango. An yi ta ne don wutar Amurka mai ƙarfin 120, tamu kuwa 230 ce. Fis ɗin da zai kare ta an riga an naɗe shi da takardar kwalin sigari. Sai wari da hayaƙi.

Kafin mu je wurin gyara, bari mu koma baya kaɗan. A 1947 aka ƙirƙiro taransista a ɗakin bincike na Bell da ke Amurka. Kafin nan duk amfilifaya da bawul take aiki, wato waɗannan kwalabe masu ja kamar garwashi, masu zafi, masu saurin fashewa. Da taransista ta shigo harkar gita ba ta samu karɓuwa nan take ba. Kamfanin Fender ya fito da nasa samfurin a 1966, makaɗa suka juya masa baya. Ƙorafinsu shi ne, idan aka ƙure murya, bawul takan lanƙwasa sautin a hankali, taransista kuwa sai ta datse shi, ya fito da kaushi. Amma ba a tsaya nan ba. A 1975 Roland na Japan ya fitar da JC-120, wadda har gobe ake yabon tsabtar muryarta. B.B. King da kansa ya daɗe yana kaɗa gitarsa ta cikin Lab Series L5, ita ma ta taransista ce. Shi kuwa Hartley Peavey, da ya kafa kamfaninsa a Meridian ta jihar Misisifi a 1965, ya sa gaba ne ga yin kaya mai arha da juriya.

To me ya kawo irin wannan kaya Kaduna? Albashi. Tun da aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, sauran masaƙu suka biyo, ga kamfanin haɗa Fijo a 1975, ga matatar mai a 1980, kudancin gari ya cika da ma'aikata daga ko'ina. Inda akwai albashi kuwa akwai kiɗa. Kawu ma'aikacin masaƙa ne, yakan ba mu labarin yadda suke zuwa Costain Club kallon Bala Miller da 'yan ƙungiyarsa, su dawo gida suna kwaikwayo. Da adashe ya sayi Bandit ɗin ta hannu. Ranar Asabar tana wurin biki, ranar Lahadi 'yan kwayar unguwa su are ta. Amfilifaya mai bawul ba za ta jure hawa bayan akori-kura da wutar janareta ba. Wannan kuwa ta jure, har sai da ta gamu da ni.

Na kai ta wurin wani dattijo mai gyaran rediyo a hanyar Sabon Tasha. Na ce, "Baba, a duba mini, ko za ta tashi?" Ya ce, "Ɗana, ba a yi wa mara lafiya hukunci daga bakin ƙofa." Bai soka ta a wuta ba sai da ya haɗa ƙwan fitila a kan wayar, ya ce in akwai inda wuta ke zurarewa ƙwan zai haska sosai ya shanye ta, ba abin da zai ƙara ƙonewa. Ya cire wayar sifika, ya auna bakinta da mita, domin taransistar da ta mutu takan tura wuta tsagwaronta cikin sifika ta gasa ta.

Abin da ya samu: tiransifoma ya tsira, amma manyan kafasito biyu sun kumbura, taransistocin da ke ba da ƙarfi sun tafi. Ya gargaɗe ni cewa kasuwa cike take da jabu, musamman irin su 2N3055, gwangwani babba amma cikinsa ɗan mitsitsi. Nasa daga wata matacciyar amfilifaya ya ciro. Ya bi duk mahaɗar da dalmarta ta tsage ya sake narka ta, ya wanke maɓallan murya da ƙurar hunturu ta toshe.

Na tambaye shi yadda yake gane ta kirki. Ya ce abu uku ne. Ka buɗe murya ba ka taɓa gita ba, ka ji ko tana gurnani. Ka bar ta awa guda tana aiki, ka taɓa ƙarfen da ke sanyaya ta. Sannan ka leƙa ciki, in kowane ɓangare hannu zai iya cire shi ya maye da wani, to ta kirki ce. Na zamani da yawa, in ji shi, allo ɗaya ne, ya mutu sai bola.

Masaƙun nan sun rufe ɗaya bayan ɗaya a shekarun 2000, Bala Miller ya rasu a 2003, rikicin 2000 kuma ya raba maƙwabta, wasu suka haye kogi ba su dawo ba. Cikin abokan kiɗan Kawu mutum ɗaya ya rage a unguwar. Shi na kira ranar da aka gama gyara. Ya ɗaura gita, ya taɓa tsirkiya ɗaya, ya yi shiru, sannan ya ce, "Muryarta ce." Yanzu tana wurin jikansa yana koyo da ita, na kuma ɗaure tiransifoman rage wutar a jikinta da waya, don kada wani yaro ya maimaita abin da na yi.

Mako mai zuwa za mu koma kan labarinmu.