Yadda Aka Mayar Da Uwa Bakin Gadon Ɗanta

Duk wanda ya shiga ɗakin yara a asibitocinmu zai ga uwa ko kaka ta shimfiɗa tabarma kusa da gadon mara lafiya. Mun saba da wannan har muna ɗauka haka abin yake ko'ina tun dā. Amma akwai zamanin da manyan asibitocin Turai suka rufe wa uwa ƙofa, kuma sai da aka sha fama kafin a buɗe ta.

A Ingila, har wajen shekarun 1950, idan aka kwantar da yaro, iyayensa sukan sami izinin ganinsa na sa'a ɗaya ko biyu a mako. A wasu asibitocin, ƙananan yara sai dai a hango su ta gilashi. Likitoci suna da dalilansu. Kafin magungunan kashe ƙwayoyin cuta su yawaita, suna tsoron baƙi su shigo da cuta. Ban da haka, sun lura cewa yaro yakan yi ta kuka bayan uwarsa ta tafi, wanda kuwa ba a ziyarta yakan yi shiru. Sai suka ce mai shirun ya saba ke nan.

Ba kowa ya yarda da haka ba. Tun a shekarun 1920, Dokta James Spence a birnin Newcastle yake kwantar da uwa tare da jaririnta. Amma wanda ya girgiza mutane shi ne James Robertson, abokin aikin Dokta John Bowlby. A 1952 ya fito da fim na wata yarinya 'yar shekara biyu da ta yi kwana 8 a asibiti. Ya nuna cewa yaron da aka raba da uwarsa yakan fara da kuka da neman ta, sa'an nan ya fid da zuciya, daga bisani ya zama kamar bai damu da kowa ba. Ashe shirun nan baƙin ciki ne. Likitoci da nas-nas da yawa sun fusata da fim ɗin, gama ya taɓa aikin da suke yi da zuciya ɗaya.

A 1959 kwamitin da gwamnati ta kafa a ƙarƙashin Sir Harry Platt ya ba da shawara a bar iyaye su ziyarci 'ya'yansu a kowane lokaci, a kuma tanadi wurin kwana domin uwayen ƙananan yara. Asibitoci da dama suka yi ta jan ƙafa, har a 1961 wasu mata a London suka kafa ƙungiya domin matsa musu lamba.

A nan Afirka ta Yamma, wasu likitoci sun gane darajar uwa da wuri. Dokta Cicely Williams ta zo Gwalkwas, wato Ghana ta yau, a 1929. A Ankara ta bar uwaye su zauna da 'ya'yansu, ta kuma saurare su. Daga bakin mutanen Ga ta sami sunan ciwon kwashiyoko, wato ciwon da ke kama yaro idan aka yaye shi saboda ƙanensa. Haka kuma Dokta David Morley, wanda ya zo asibitin mishan na Wesley Guild a Ilesha a 1956, ya tsara katin awon nauyin yara, ya ce uwa ce za ta riƙe shi a gida. A 1978 kuma, a birnin Bogota na Kolombiya, Dokta Edgar Rey ya fara ɗora bakwaini a ƙirjin uwarsa, fata da fata, saboda kwalaben renon jarirai sun yi kaɗan.

Mai karatu zai ga cewa abin da Turai ta yi shekaru tana nema, mu muna da shi a hannu. Sai dai zaman uwa a kan tabarma bai isa ba, idan aikinta wanki ne da sayo magani kawai. Ita ce ta san kukan ɗanta, ita ce ta fara ganin ranar da ya ƙi nono. Ya kamata nas ta tambaye ta, ta bayyana mata ciwon da harshen da take ji, ta koya mata abin da za ta ci gaba da yi bayan an sallame su. Uba ma a jawo shi ciki, gama sau da yawa shi ne mai yanke shawara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.