Mutafannini a Tarihin Karatun Zaure

A zaurukan karatu na ƙasar Hausa, malamin da ya haɗa fannoni da yawa, ya kuma yi zurfi a kowanne, shi ake kira mutafannini. Ba sarauta ba ce da sarki ke naɗawa. Malamai 'yan'uwansa ne ke shaidarsa, bayan sun ji fatawarsa sun ga rubutunsa.

Tsarin karatun zaure ne ya haifar da irin waɗannan malamai. Bayan saukar Alƙur'ani, ɗalibi yakan fara da Ahalari da Ishmawi, ya haura Risala da Askari a fiƙihu, ya ɗauki Ajuruma da Alfiyya a nahawu, sannan lugga da tafsiri da hadisi. Da yake kowane malami da fannin da aka san shi da shi, mai himma ba ya zama wuri ɗaya. Sai ya sauke littafi a wannan gari, ya karɓi ijaza, ya yi gaba. Wanda ya jure wannan yawo shekara da shekaru shi ke tara abin da ya warwatsu a hannun malamai.

A cikin irin waɗannan malamai, Katsina ta fitar da Muhammadu Alkashinawi, masanin hisabi da falaki, wanda ya yi rubutu a kan lissafin hatimi. Bayan aikin hajji ya zauna a Alƙahira, ya rasu a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar.

Sai dai babu wanda sunan mutafannini ya fi dacewa da shi kamar Abdullahi ɗan Fodiyo, wato Abdullahin Gwandu. Ya rubuta Liya'ut Ta'awili a tafsiri, Bahrul Muhiɗi a nahawu, Hisnur Rasini a sarfu, da Liya'ul Hukkami a kan mulki, wanda ya tsara a Kano. Duk wannan yana tsakiyar ɗawainiyar jama'a, abin da ya isa a jinjina masa. A Ida'un Nusuhi kuwa ya jera malamansa da abin da ya karanta wurin kowannensu. Ɗan wansa, Muhammadu Bello, ya haɗa tarihi da ilimin magani, har da na ido da na basir.

Da yawa daga cikin littattafansu har yau rubutun hannu ne, ajiye a Gidan Tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato da Arewa House a Kaduna. Buga su da fassara su da Hausa hakki ne a wuyan jami'o'in Arewa.