John Tafida na Wusasa da Littafin Jiki Magayi

Duk malamin da ya taɓa koyar da adabin Hausa, daga Zariya har makarantun Dakwaro da Kornaka, ya san littattafai biyar da ake ɗauka su ne mafarin ƙagaggun labarai na boko: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai kuma Jiki Magayi. Marubuta huɗu na farko Musulmi ne. Na biyar, John Tafida, Kirista ne ɗan Wusasa, kuma shi da Baturen nan Rupert East suka rubuta littafin tare. Ba kasafai ake faɗa wa ɗalibai haka ba, alhali kuwa sanin inda mutumin ya fito yana ƙara haske ga karatun littafinsa.

Tarihin Wusasa ya faro ne daga Likita Walter Miller, ɗan mishan ɗin CMS ta Ingila. A 1900 yana cikin ayarin Bishop Tugwell da ya isa Kano, Sarki Alu ya sallame su ba tare da ya ba su wurin zama ba. A 1905 Miller ya zauna cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Zamansa a tsakiyar birnin Musulmi bai yi wa masarauta daɗi ba, haka ma hukumar Turawa, wadda ke gudun duk abin da zai ɓata tsakaninta da sarakuna. A 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa, a bayan ganuwa. Nan ƴar ƙaramar jama'ar Hausawa da Fulani Kirista ta kafu, da majami'arta, da makarantarta, da asibitinta. Daga cikinta aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likita na farko ɗan Arewacin Nijeriya, kuma a can Yakubu Gowon ya tashi.

Rayuwar yau da kullum a wannan gari da Hausa ake yinta. Da Hausa ake addu'a, da ita ake waƙoƙin ibada ranar Lahadi, da ita ake ciniki da mutanen birni, waɗanda wasunsu dangi ne na jini. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausar boko, aikin da Miller ya shafe shekaru a kansa tare da abokan aiki da mataimaka Hausawa. Saboda haka yaron Wusasa ya saba da ganin labari mai tsawo cikin zube, a rubuce da harshensa, tun lokacin da mafi yawan rubutun Hausa waƙa ce cikin ajami.

A 1933 East, wanda ke shugabantar Hukumar Talifi a Zariya, ya nemi malamai su ƙago labarai don makarantu su sami abin karantawa. Abin da aka samu ya bambanta. Ruwan Bagaja yawo ne da barkwanci, Ganɗoki yaƙi ne da aljanu, Shaihu Umar kuwa bauta ce da ƙetare Sahara. Jiki Magayi ya tsaya a cikin gida. Abubakar yana son Zainab, sai attajiri Malam Shaihu, wanda ke neman haihuwa, ya aure ta da ƙarfin dukiya. Abubakar ya bar gari, ya sha wuya a dazuzzuka yana neman asirin ramuwa, ya dawo ya lalata Kyauta, ɗan da aka haifa a auren. Yaron ya zama ɓarawo, har ajalin mahaifinsa ya zo ta hannunsa. Shi ma Abubakar bai ci ribar komai ba, ya ƙare a nakashe.

Babu majami'a a littafin, babu fasto, babu wanda ya sauya addini. Mutanen labarin Musulmi ne, kuma an zana su yadda maƙwabci ke zana maƙwabcinsa, da sanin neman aure, da kishi, da zuwa wurin boka. Marubucin bai mai da alƙalaminsa sandar wa'azi ba. Amma wanda ya san koyarwar Kirista a kan yafe wa maƙiyi da barin sakayya ga Allah zai ga inuwarta a ginin labarin, inda wanda aka zalunta ya fi kowa asara tun ranar da ya ƙudurci ramuwa. Musulmi mai karatu kuma zai ga haƙurin da addininsa ya hore shi da shi. Wannan ne ya sa littafin ya shiga makarantu ba tare da an tambayi addinin mai shi ba.

Labarin ya shafi ƙasar Nijar. Mishan ɗin SIM ta zauna a Damagaram tun shekarun 1920, daga baya ta kafu a Tsibiri da Maraɗi, ta buɗe asibitin Galmi a 1950. A lokacin da makarantar gwamnati ba ta san wani harshe ba sai Faransanci, mabiyanta da Hausar boko suke karatu. Wannan na cikin dalilan da suka sa wasu iyaye suka daɗe suna ɗaukar boko abin Nasara. Littattafan Zariya sun nuna akasin haka: ɗan malamai na Kagara da ɗan mishan na Wusasa sun yi rubutu da haruffa ɗaya, don yara ɗaya.

Malamin da zai karantar da Jiki Magayi yau, a ajin da ƴaƴan Musulmi suka fi yawa, ya kamata ya rubuta sunan John Tafida a allo, ya faɗi garinsu da addininsa, kafin a buɗe shafin farko.