'Yan Kama

'Yan kama masu wasan barkwanci ne da waƙa a ƙasar Hausa, waɗanda sana'arsu ita ce kwaikwayon manya don a yi dariya. Sana'ar ana kiranta 'yankamanci. Ta girmi rediyo da talabijin, kuma dandalinta kasuwa da gidan biki, a birane irin su Kano, Zariya, Katsina da Bauchi. Sukan yi yawo su biyu ko fiye, abin da 'yan kallo suka jefa musu shi ne abincinsu.

Babban abin wasansu malami ne. Ɗan kama zai naɗa rawani, ya rataya gafaka, ya gyara murya kamar mai shirin wa'azi. Da ya buɗe baki sai ka ji karatun duk na tuwo ne da miya da nama: falalar loma, hukuncin wanda ya riski akushi a makare, azabar marowaci. Sauti na malamai, ma'ana ta ciki. Haka kuma sukan ɗauki karin waƙar wani shahararren mawaƙi kamar Mamman Shata, su zubar da baitukan yabo, su cusa na abinci. Dabarar kenan da ta tsare su. Tunda ɗan kama ya fara mayar da kansa mayunwaci abin dariya, da wuya babban mutum ya tsaya ja-in-ja da shi ba tare da ya zubar da girmansa ba.

Ana yawan haɗa su da 'yan gambara, amma akwai bambanci. Na gambara suna kaɗa gangarsu, bakinsu ya fi kaifi, batsa da habaici ne jarinsu. 'Yan kama sun fi karkata ga kwaikwayo.

A Turai ma an yi makamancin wannan tsiwa, sai dai da jita da hayaniya. A 1977 gidan BBC ya hana sa waƙar ƙungiyar Sex Pistols da ta yi wa sarautar Ingila shaguɓe. Su fito-na-fito suka yi da hukuma. Ɗan kama kuwa ta bayan gida yake shiga.

C. G. B. Gidley ya wallafa nazari a kan 'yankamanci a 1967, Graham Furniss kuma ya tattauna shi a littafinsa na adabin Hausa na 1996.

Yau da wuya a ci karo da ɗan kama a kasuwa. Salon ya koma finafinan barkwanci na Kannywood, inda marigayi Rabilu Musa Ibro ya yi fice wajen juya waƙoƙin wasu da kwaikwayon masu faɗa-a-ji. Kariyar da ɗan kama ya samu a kasuwa ba ta biyo shi cikin fim ba: a 2008 kotun tafi-da-gidanka ta hukumar tace finafinai ta Kano ta ɗaure Ibro. Ya rasu a watan Disamba na 2014.