BABI NA UKU: TARIHIN MUHAWARAR TABBACIN CETO DA YADDA TA ISO ƘASAR KATSINA

3.0 Gabatarwa

A wannan babi za a yi bayani a kan wata daɗaɗɗiyar muhawara da ke tsakanin mabiya addinin Kirista, wato shin mutumin da ya ba da gaskiya ya sami ceto yana iya rasa shi daga baya, ko kuwa abu ne da ba ya kuɓucewa har abada. Za a fara da asalin muhawarar, sannan a dubi yadda ta iso tsakiyar Jihar Katsina, wato yankin Kankiya da Kusada inda Dudunni take, da kuma Matazu da Malumfashi da ke kudu da su. Mafi yawan mutanen wannan yanki Musulmi ne, Kiristocin cikinsu kuwa galibi zuriyar Maguzawa ne ko baƙi da aiki ya kawo. Abin da babin yake son nunawa shi ne, a ƙasar Hausa muhawarar ba daga aji ta fara ba. Ta taso ne daga wata matsala ta zahiri: me za a ce game da mutumin da aka yi wa baftisma, daga baya ya juya?

3.1 Tushen Saɓanin

Kowane ɓangare yana kafa hujja ne da Littafi Mai Tsarki. Masu cewa ceto ba ya ɓacewa sukan kawo Yohanna 10:28-29, inda aka nuna babu mai iya ƙwace tumakin Almasihu daga hannunsa, da Romawa 8:38-39. Masu cewa yana iya ɓacewa kuwa sukan kawo Ibraniyawa 6:4-6 da 2 Bitrus 2:20-22, waɗanda suke gargaɗi a kan mutanen da suka san hanya sannan suka bar ta. Akwai kuma 1 Yohanna 2:19, wadda ta nuna cewa waɗanda suka fita daga cikin jama'a tun asali ba na cikinta ba ne. Wannan aya ta ƙarshe ita ce ɓangaren farko yake amfani da ita wajen bayyana matsayin wanda ya yi ridda.

A tarihi, matsalar ta fito fili a shekarar 250, lokacin da Sarkin Rum Desiyus ya tilasta wa kowa yin hadaya ga gumaka. Kiristoci da yawa sun yi hadayar don tsira da rai. Da ƙurar ta lafa suka nemi komawa ikilisiya, sai aka rabu biyu. Wani limami a birnin Rum mai suna Nobatiyan ya ce ba za a karɓe su ba, shi kuwa Bishop Sifiriyan na Kartaj, a ƙasar Tunisiya ta yau, ya amince a karɓe su bayan doguwar tuba. Daga baya Agustin, Bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a shekarar 430, ya koyar da cewa jimrewa har ƙarshe kyauta ce daga Allah ga zaɓaɓɓunsa, amma babu wanda zai san tabbas yana cikinsu matuƙar yana raye. Ke nan tun farko ƙasar Afirka tana da hannu a wannan muhawara.

3.2 Rarrabuwar Turai

Bayan boren Martin Luther na shekarar 1517, batun tabbaci ya zama abin da ya raba Katolika da Furotesta. John Calvin na birnin Janeba ya koyar da cewa wanda Allah ya zaɓa ba zai faɗi faɗuwar ƙarshe ba, kuma mai bi yana iya samun natsuwa a kan haka. Majalisar Katolika ta Tirent ta mayar da martani a shekarar 1547, inda ta ce babu mai iya tabbatar da cewa zai jimre har ƙarshe sai in an yi masa wahayi na musamman, kuma babban zunubi yana raba mutum da alherin Allah har sai ya tuba.

Su ma 'yan Furotesta ba su tsira daga saɓani ba. A ƙasar Holan almajiran wani malami mai suna Arminiyus sun gabatar da ƙorafi mai sharuɗɗa biyar a shekarar 1610, na biyar ɗin yana shakkar cewa mai bi ba zai iya faɗuwa ba. Taron Dort na 1618 zuwa 1619 ya yi watsi da ra'ayinsu. A Ingila kuwa, John Wesley, wanda ya kafa ɗarikar Metodis, ya ɗauki wata hanya. Ya ce mutum yana iya samun tabbaci a zuciyarsa cewa an gafarta masa a yau, kamar yadda shi ya ce ya samu ranar 24 ga Mayu 1738, amma wannan bai hana shi faɗuwa gobe ba in ya yi sake. Cocin Angalikan ya tsaya tsakiya: a cikin Sharuɗɗa 39 na aƙidarsa, na 16 ya yarda mutum yana iya kauce wa alheri bayan baftisma kuma ya sake tashi, na 17 kuma ya yi magana a kan zaɓin Allah.

3.3 Isowar 'Yan Mishan Ƙasar Katsina

Waɗannan ra'ayoyi ne 'yan mishan suka ɗauko zuwa ƙasar Hausa, kowa da nasa. Ayarin C.M.S. na Angalikan ƙarƙashin Bishop Tugwell ya isa Kano a shekarar 1900, Sarki Alu ya sallame su. Likita Mila, wanda yake cikin ayarin, ya zauna a birnin Zariya daga 1905, daga baya aka mayar da mishan ɗin Wusasa. A shekarar 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda ya ba duk mai iya karatun boko damar duba ayoyin nan da kansa.

Ƙungiyar da ta fi tasiri a ƙasar Katsina ita ce S.I.M., wadda Walter Gowans da Rowland Bingham da Thomas Kent suka fara a shekarar 1893. Gwamnatin mulkin mallaka ta daɗe tana taƙaita wa'azin mishan a masarautun Musulmi. Ƙofa ta buɗe ne a ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, lokacin da aka ba S.I.M. kula da asibitocin kutare: Babbar Ruga a Katsina, Yadakunya a Kano, Amanawa a Sakkwato. Bayan haka aka buɗe tashoshi a karkara, ciki har da Matazu da Malumfashi, don kai wa ga Maguzawa. A shekarar 1954 ikilisiyoyin da S.I.M. ta kafa suka haɗu suka zama E.C.W.A., mai hedikwata a Jos. Koyarwar wannan coci ta karkata ga cewa mai bi na gaskiya yana da tabbacin ceto yanzu da har abada. Ɗaya daga cikin fitattun malamanta, Byang Kato, wanda ya zama babban sakatarenta a 1967 kuma ya rasu a 1975, ya yi karatu a makarantar tauhidi ta Dalas a Amurka, wadda aka sani da riƙo da wannan aƙida.

Katolika sun zo ta hannun limaman Dominikan daga Amurka a shekarun 1950, Malumfashi ta zama babbar cibiyarsu. A shekarar 2023 aka kafa Dayosis ɗin Katsina, aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, bishop na farko. Ta haka ra'ayin Dort da na Tirent suka sami kansu a ƙasa ɗaya, wani lokaci ma a dangi ɗaya.

3.4 Matsalar Masu Juyawa

Abin da ya sa muhawarar ta yi nauyi a wannan yanki shi ne yawan shiga da fita. Ana iya kasa shi gida uku.

Na farko, majinyatan asibitin kutare. Da maganin dafson ya wadata a shekarun 1950, sai aka riƙa sallamar mutane suna komawa garuruwansu. Wanda ya karɓi addinin Kirista a Babbar Ruga yana iya komawa ƙauyen da babu majami'a, babu mai bishara, kuma aure da gado da jana'iza duk suna hannun danginsa Musulmi. Wasu sun riƙe, wasu sun koma.

Na biyu, Maguzawa. Tsakanin 1963 da 1965 Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya gudanar da rangadin musuluntarwa a sassan Arewa, sannan a shekarun 1970 Maguzawa da dama na Kano da Katsina suka shiga addinin Kirista. Saboda haka a gida ɗaya ana iya samun Musulmi da Kirista da mai bin al'adar gargajiya, kuma sauya sheƙa saboda aure ko fatauci ko sarauta ba baƙon abu ba ne.

Na uku, waɗanda ba su bar coci ba amma suka karya dokarta. S.I.M. ta hana shan giya da tsafi da ƙara aure. A wurin Bamaguje kuwa burkutu yana cikin biki da gayya, yawan mata da 'ya'ya kuma shi ne ƙarfin gandu. Manomin da matarsa ba ta haihu ba ya ƙara ta biyu, ko wanda ɗansa ya kwanta ciwo ya je wurin boka, shi ne ainihin wanda ake muhawara a kansa.

Amsoshin da aka bayar sun bi layin da aka gada. Mai bin ra'ayin E.C.W.A. zai ce ɗayan biyu ne: ko dai mutumin ɗa ne da ya ɓata kuma Allah zai komo da shi, ko kuwa tun farko bai sami sabuwar haihuwa ba. Bakatolike zai ce ya fita daga alheri, amma ƙofa a buɗe take in ya furta zunubinsa gaban Fada. Daga shekarun 1970 kuma sai coci-cocin Fentikos suka ƙara zafafa batun. Deeper Life, wadda W. F. Kumuyi ya fara a Legas a 1973, tana koyar da cewa mai bi yana iya rasa cetonsa in bai zauna cikin tsarki ba, kuma tana ganin ɗaya ra'ayin yana iya sa mutane sakaci da zunubi. Su kuma na farko suna ganin wannan koyarwa tana mayar da ceto ladan aiki, tana barin mutum cikin fargaba kullum.

Sai dai abin lura shi ne, a aikace duk sun haɗu a wuri ɗaya. Wanda ya yi laifi akan sa shi ƙarƙashin horo, a hana shi cin jibin Ubangiji da riƙe muƙami har sai ya nuna tuba. Wanda ya ce ceto ba ya ɓacewa bai bar mai laifi ya ci gaba da abin da yake so ba, wanda ya ce yana ɓacewa kuma bai rufe masa ƙofar dawowa ba. Inda bambancin yake fitowa shi ne lokacin da mutum ya mutu yana cikin horo, domin a nan ne iyalinsa suke son jin ko akwai abin da za su sa rai da shi.

3.5 Tasirin Harshe da Maƙwabtaka

Harshen Hausa kansa ya ba muhawarar wani salo da babu shi a Turai. Kalmomin da masu fassara suka ɗauka sun riga sun sami ma'ana a bakin Musulmi. A wurin Bahaushe Musulmi, ceto abu ne na ranar alƙiyama, wato ceton da Annabi (S.A.W.) zai yi wa al'ummarsa da izinin Allah. Don haka idan Kirista ya ce ya riga ya sami ceto, maƙwabcinsa yakan ji kamar ya yi wa Allah shisshigi. Haka kuma kalmar tuba: a ƙasar Maguzawa in an ce wane ya tuba, ana nufin ya musulunta, alhali a coci ana nufin ya bar zunubi ya bi Almasihu.

Bugu da ƙari, addu'ar yau da kullum ta Bahaushe ita ce Allah ya sa a cika da imani, Allah ya sa a yi kyakkyawan ƙarshe. Wannan yana nuna cewa ƙarshen mutum ɓoyayye ne, kuma mumini yana rayuwa ne tsakanin tsoro da fata. Malaman Musulunci ma sun taɓa yin makamanciyar wannan muhawara: Hawarijawa sun ce mai babban zunubi ya fita daga imani, Murji'a sun ce zunubi ba ya rushe imani, Ahlus Sunna suka ce mumini ne mai saɓo wanda al'amarinsa yake hannun Allah. Kiristan da ya tashi a Kankiya ko Kusada ya saba jin irin waɗannan addu'o'i tun yana yaro. Wannan ya sa ra'ayin masu cewa sai an jimre har ƙarshe yake da sauƙin shiga kunnensa, yayin da koyarwar tabbaci ta zama alamar da masu wa'azin bishara suke nunawa a matsayin abin da ya bambanta addininsu.

3.6 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa muhawarar tabbacin ceto ta faro tun ƙarni na uku a kan waɗanda suka yi ridda saboda tsanani, ta sami tsari a Turai tsakanin 1517 da 1619, sannan ta shigo ƙasar Katsina ta hanyar S.I.M. da Katolika da coci-cocin Fentikos. An kuma nuna cewa halin da Kiristocin yankin suke ciki, na zama 'yan tsiraru a tsakiyar dangi Musulmi da Maguzawa, ya sa matsalarsu ta fi kama da ta zamanin Sifiriyan fiye da ta malaman Holan. Babi na gaba zai dubi yadda ake amfani da kalmomin ceto da tuba da bangaskiya a cikin wa'azin Hausa.