Ra'ayin Sauyi a Ƙagaggun Labaran Kimiyya na Talabijin: Nazari Daga Tudun Wadar Kano

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce duba wani ɓangare na tarihin talabijin wanda manazartanmu ba su cika waiwayarsa ba, watau ƙagaggun labaran kimiyya, irin waɗanda ake nuna kumbuna da halittun wasu duniyoyi da zamanin da bai zo ba tukuna. Sau da yawa akan ɗauke su a matsayin abin ɗebe wa yara kewa. A namu ganin kuwa cike suke da siyasa, kuma siyasar ta masu ra'ayin sauyi ce: ƙin wariya, da ƙin mulkin kama-karya, da ƙin danne talaka. Abin da muke son nunawa shi ne, in aka auna wannan ra'ayi nasu da ma'aunin siyasar Kano, za a tarar ya yada zango a rabin hanya.

2.0 Hanyar da suka biyo

An buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya a Ibadan cikin 1959. Na Kaduna ya biyo baya a 1962, daga bisani hotonsa ya kai Zariya da Kano. Jos ta sami nata a 1974. Da yake shirin gida ba ya isa ya cika lokaci, tashoshin nan sukan sayi finafinai daga waje, musamman daga BBC ta Ingila. In tasha ta gama nuna fim, sai ta tura gwangwaninsa zuwa wata tashar, ko ma wata ƙasar. Ta haka shirin Doctor Who, wanda aka fara a Ingila a 1963, ya shigo Nijeriya.

Ita BBC ta goge da yawa daga cikin tsofaffin faya-fayenta don ta sake amfani da su. A 2013 sai aka ba da sanarwar gano kashi 9 na wannan shiri a ɗakin ajiyar wata tashar talabijin a Jos, abin da ya rage yawan ɓatattun a lokacin daga 106 zuwa 97. Watau abin da mai shi ya yar, a Arewa ya kwana.

3.0 Abin da labaran suka ƙunsa

Biyar daga cikin waɗannan kashi 9 na wani labari ne mai suna The Enemy of the World, wanda David Whitaker ya rubuta, aka nuna a Ingila daga ƙarshen 1967 zuwa farkon 1968. An gina labarin a kan shekarar 2018. Wani mutum mai suna Salamander ya ƙirƙiro na'urar tara hasken rana wadda ke bunƙasa amfanin gona, duniya ta ɗauke shi maceci. A ɓoye kuwa ya kulle wasu mutane a ƙarƙashin ƙasa, ya yaudare su cewa yaƙin nukiliya ya cinye bayan ƙasa, yana sa su haddasa girgizar ƙasa da aman wuta a yankunan da yake son mallaka. Sannan ya fito ya yi hasashen bala'in, jama'a su ƙara sakankancewa da shi. Ga mutanen da suka rayu a ƙarƙashin mulkin soja tun 1966, suka kuma ga farin da ya afka wa Arewa a farkon shekarun 1970, labarin shugaba mai riƙe da mabuɗin rumbu ba baƙon abu ba ne.

Akwai wata baƙar mace a labarin mai suna Fariah, wadda aikinta ɗanɗana abincin Salamander kafin ya ci, don gudun guba. Ita ce ta kwaso takardun da ke tona asirinsa. Ya kamata mu lura da abin da marubucin ya yi da ita: harbe ta aka yi tun labari bai kai ƙarshe ba. Wanda ya ga bayan azzalumin shi ne Dakta, baƙon da ya sauko daga jirginsa.

Misali na biyu daga Amurka yake, kuma mun kawo shi ne saboda kamarsa da taswirar Kano. A shirin Star Trek, wanda Gene Roddenberry ya ƙirƙiro a 1966, akwai wani kashi na 1969 mai suna The Cloud Minders. A wata duniya, masu mulki suna zaune a wani birni da ke shawagi cikin gajimare, ba su da aiki sai fasaha da hira. A ƙasa kuwa ga ma'aikata suna haƙar ma'adini cikin ramuka. Na sama sun ce na ƙasa daƙiƙai ne tun asali, saboda haka ba su cancanci hawa birnin ba. Daga baya aka gano cewa iskar ma'adinin ce ke dakushe musu hankali.

Wanda ya san yadda Turawan mulkin mallaka suka tsara wajen Kano ba ya bukatar dogon sharhi a nan. Sun keɓe wa kansu Nassarawa da Bompai, masu faɗin filaye da inuwar itatuwa. Baƙi 'yan Arewa da suka zo neman aiki aka zaunar da su a unguwanni irin su Tudun Wada. Ƙa'idar tsara garuruwa ta zamanin Lugga ta bukaci a bar fili mai faɗin yadi 440 tsakanin mazaunin Turawa da na 'yan ƙasa, wai don tsare lafiya daga cizon sauro. Shi dai sauro ba a sanar da shi wannan iyaka ba, kuma kuku da boyi da mai gadi kullum sai sun tsallaka ta. A nan ma, kamar a fim ɗin, da sunan kimiyya aka yi wa wariya riga.

Amma yaya aka warware rikicin birnin gajimare? Kyaftin Kirk, wanda ma'adinin ya zo ɗauka, shi ya tilasta wa shugaban birnin ya shaƙi iskar da kansa, ya kuma kawo wa ma'aikata takunkumin rufe hanci. Ya karɓi kayansa ya tashi. Birni na nan a sama, rami na nan a ƙasa.

4.0 Ma'aunin Kano

An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950. Sanarwar Sawaba da ta fitar ta bayyana cewa akwai gwagwarmaya tsakanin talakawa da masu riƙe da mulkin En'e, kuma 'yantar da talakawa aikin talakawa ne da kansu. A nan hanyoyin biyu suka rabu. Shirye-shiryen da muka duba sun gane zalunci, sun siffanta shi da gwaninta, har sukan nuna wanda aka zalunta yana yunƙuri, amma hukuncin ƙarshe na hannun baƙo mai ilimi da makami, wanda ba zai kwana a garin ba. Ba ma zargin marubutan da mugun nufi. Tsarin shirin mako-mako ne ke bukatar jarumi ɗaya da zai yi nasara ya wuce gaba. Sai dai wannan jarumi ya yi kama da Di'o mai kirki da ya zo rangadi, kuma mabiya Malam Aminu Kano sun daɗe da sanin iyakar amfanin Di'o mai kirki.

Da masu wannan ra'ayi suka karɓi mulkin Jihar Kano a 1979 ƙarƙashin PRP, Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali, ya kuma kafa wa jihar gidan talabijin nata, CTV, wanda daga baya aka sa masa sunansa. Amma sukar zamani a talabijin ɗin Hausa ta bi ta hanyar wasan kwaikwayo da barkwanci ne, irin su Samanja na Usman Baba Pategi a Kaduna, domin dandalin kasuwa da barikin soja sun fi kumbo sauƙin haɗawa. A rubuce kuwa an riga an gwada. Tun 1969, shekarar da ɗan Adam ya taka wata, kamfanin NNPC na Zariya ya buga Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, inda yaro Bahaushe ne da kansa ya tafi yawon sararin samaniya.