Yadda Itace Ya Zama Abin Ciniki a Ƙasar Daura

A cikin watan Nuwamba na shekarar 2011, a wani babban taron ma'abota renon itatuwa da aka yi a birnin Takamatsu na ƙasar Japan, an sa wa wani itace guda ɗaya, wanda bai kai tsayin mutum ba, saiwarsa kuma kakaf tana cikin kasko, kuɗi har yen miliyan 100, watau sama da dalar Amurka miliyan ɗaya a canjin wancan lokaci, aka kuwa sami mai saye. Itacen daga jinsin nan ne da Larabawa ke kira sanaubar, Japanawa kuma matsu, mai ganye siri-siri kamar allurai, wanda ba ya tsirowa a jigawarmu saboda ƙarancin ruwa da tsananin bazara, sai dai wanda ma'aikatan daji suka dasa a Afaka kusa da Kaduna da kuma kan tsaunukan Jos. Sana'ar tsare shi a kasko, ya tsufa bai girma ba, ita ake kira bonsai.

Asalin wannan hikima daga ƙasar Sin yake, domin an sami zanenta a bangon kabarin wani ɗan sarki, Zhang Huai, wanda aka yi a shekarar 706, daga can kuma ta ƙetara zuwa Japan tare da malaman addinin Buddha, inda sarakuna da attajirai suka riƙe ta, har ya zamana a fadar Tokyo akwai wani sanaubar da ake jingina renonsa ga Tokugawa Iemitsu, wanda ya riƙi mulki daga 1623 zuwa 1651. Akwai kuma wanda zuriyar Yamaki ta fara reno tun 1625, ya tsira daga bam ɗin da aka jefa wa Hiroshima a 1945, mai shi ya ba da shi kyauta ga Amurka a 1976, yana nan Washinton da ransa. Renon kuwa ba wasa ba ne: ban ruwa kullum, datse sabon toho a farkon damina don ganye ya fito gajere, naɗe reshe da wayar tagulla har ya karkata inda ake so, sa'an nan bayan 'yan shekaru a zare itacen daga kasko a rage masa saiwa a sake masa ƙasa. Wanda ya biya wancan kuɗi, in an duba da idon basira, ba katako ya saya ba kuma ba inuwa ba. Shekaru ya saya, da wahalar mutanen da suka yi ta miƙa wa juna itacen, uba ya bar wa ɗa, ba tare da an sami wanda ya yi sakaci na mako guda ba.

Na kawo wannan labari ne domin in auna shi da namu, gama mu ma a ƙasar Daura, daga Mai'aduwa zuwa Ɓaure, daga Sandamu zuwa Zango, muna da tsofaffin itatuwa da aka gada aka rena, muna kuma da tarihin yadda itace ya tashi daga abin da Allah ya tsirar ya zama abin da ake saye da kuɗi, ko da yake ba a cika rubuta shi ba.

A zamanin da, manomi ba ya dasa itace sai nadiran. Abin da yake yi shi ne ya bari. Idan yana sassabe ya tarar da ɗan gawo ko ɗorawa ko tsamiya ko kanya ya tsiro, sai ya kauce masa da gatari, ya rage masa rassan ƙasa don ya miƙe, shekara ta bi shekara har ya zama abin da jikokinsa za su raba a gado. Kowane ɗaya da aikinsa sananne. Ɗorawa ta ba da kalwa a yi daddawa, ta ba da gari a sha, ɓawonta a yi makuba a shafe soro. Kuka a sauke ganyenta don miya. Bagaruwa ta tafi majema. Goriba kuwa, saboda yawan yankan kabarta don tabarma da igiya, sau da yawa takan zauna ƙasa-ƙasa shekaru masu yawa ba ta tashi ba, wanda in ka so ka ce mu ma muna da namu wadan itacen, sai dai larura ce ta yi shi, ba sha'awa ba. Saboda wannan amfani ne itace ya sami hukunci nasa daban da na ƙasar da yake tsaye a kai, har ya kasance a wurare da yawa ana iya jinginar da gona a ware ɗorawar da ke cikinta, ko a raba gado gona ta faɗa wa wane, 'ya'yan itacen kuma su zama na tarayya. Fuƙaha'un mazhabar Malikiyya, waɗanda alƙalanmu ke hukunci da littattafansu kamar Risala da Muhtasar, sun riga sun shimfiɗa babi a kan musaƙa, watau mutum ya karɓi renon itatuwan wani bisa sharaɗin wani kaso sananne na abin da suka haifa, sun kuma hana sayar da 'ya'yan itace tun nunarsu ba ta bayyana ba. Ashe dai ciniki da reno duka biyu suna da asali a wurinmu tun kafin zuwan Bature.

Amma sarkin itatuwan gona a wannan yanki shi ne gawo, kuma ya cancanci a dakata a kansa. Ɗabi'arsa ta saɓa wa ta sauran itatuwa, domin yana kaɗe ganyensa da faɗuwar damina, lokacin da gero ke bukatar rana, sa'an nan ya yi kore shar da rani, lokacin da dabba ba ta da abin kai wa baki. Ganyen da ya zubar da kashin dabbobin da suka yi ƙailula a inuwarsa su ne takin da ke sa hatsin gindinsa ya fi na sauran gona tsayi da zangarniya, 'ya'yansa kuma ana tara su a buhu a kai kasuwa don masu kiwo. Bayan jihadi, sa'ad da Malam Isiyaku ya karɓi birnin Daura, gidan sarautar Haɓe kuma ya koma Zango da Ɓaure ya zauna a ƙarƙashin inuwar Damagaram, waɗannan garuruwa sun yi zamani da Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya daɗe bisa karaga daga 1851 zuwa 1884, wanda kuma har yau ake ruwaito cewa ya mai da gawo itacen sarki, ya sa hukuncin kisa a kan wanda ya sare shi. Ko an zartar da hukuncin sau nawa ko ba a zartar ba, tsoronsa ya yi aiki, kuma matafiyin da ya ƙetare Kongolam ya nufi Matamaye da Zinder yana iya ganin gonaki cike da gawo ya yi wa kansa hisabi.

Turawa, bayan sun mai da Malam Musa kan sarautar Daura a 1906, sun zo da wani ra'ayi dabam, watau cewa daji dukiyar hukuma ce wadda ake shata wa iyaka. Aka kafa dokokin daji a 1916 da 1937, En'e ta keɓe gandun daji, aka ɗauki malaman daji, aka jera itatuwan da ba a sara sai da takardar izini ko da a gonar mutum suke. A ƙetaren iyaka ma Faransa ta yi irin wannan doka a 1935. A tsakanin haka wani shehin malamin daji daga jami'ar Edinbara, Stebbing, ya zagaya waɗannan ƙasashe a 1934 ya koma yana shelar cewa Sahara na tahowa kudu, ya ba da shawarar a yi mata katanga da itatuwa. Hukumomin Ingila da Faransa suka tura kwamitin haɗin gwiwa ya bi iyakar a 1936 da 1937, ya dawo ya ce hamada ba tafiya take yi ba, hannun mutane ne ke cin daji. A ganina nufin dokar alheri ne, amma ta haifar da abin da ba a zata ba, domin manomin da ya san cewa ɗan itacen da ya bari yau gobe zai jawo masa malamin daji da tara, sai ya gwammace ya tumɓuke shi tun yana ƙarami kowa ya huta.

A cikin dogon zamanin Sarkin Daura Abdurrahman, wanda ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966, baƙon da ya sauya fuskar garuruwanmu ya iso, watau darbejiya, wadda wasu ke kira bedi ko maina ko dogon yaro. Asalinta ƙasar Hindu, an fara dasa ta a lardin Barno a 1928, ta bazu yamma a bakin hanyoyi da kasuwanni da harabar makarantu, saboda tana jure fari kuma akuya ba ta cika damunta ba. Ita ce itacen da talaka ya ga an rena a wuri guda, an ɗauko, an haƙa rami an dasa, an kewaye da ƙaya ana ba shi ruwa kamar jariri.

Sa'an nan fari ya zo, na 1972 zuwa 1974, da na 1983 da 1984, rijiyoyi suka ƙafe, manyan itatuwa suka bushe a tsaye, gwamnati ta farka. A 1987, shekarar da aka ƙirƙiri Jihar Katsina, aka fara aikin dashen itatuwa da taimakon Tarayyar Turai a arewacin jihar, aka buɗe wuraren reno, aka raba dashe a cikin baƙar leda kyauta, aka ja layukan darbejiya da turare don su kare gonaki daga iska, har tallafin ya yanke bayan takunkumin da aka sa wa Nijeriya a 1995. Daga baya, tun daga 2014, wani shirin da ƙungiyar Oxfam ta gudanar da kuɗin Turai ya shiga ƙananan hukumomi biyar na masarautar tare da Mashi da Dutsi, da dashe da kuma murhu mai tsimin itace, ga kuma shirin Babbar Katangar Itatuwa ta Afirka wanda Katsina ke cikin jihohi 11 da ya shafa. Babban abin da waɗannan shirye-shirye suka bari, fiye da layukan da suka ja, shi ne sana'a: mutanen da suka koyi cika leda da haɗa taki da auren mangwaro suka buɗe nasu wuraren a bakin rijiya da fadama, yau ga mangwaro ɗan aure da gwaba da lemo da zogale ana ciniki kamar kowace haja.

Abin mamaki, a daidai lokacin da muke ta dashe a leda, wanda galibinsa ke mutuwa a bazarar farko don rashin mai ban ruwa, maƙwabtanmu na Maraɗi sun koma ga tsohuwar hanya. A 1983 wani ma'aikacin mishan ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura cewa ƙananan kurmin da ke tohowa a gonaki ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai da saiwa mai zurfi, waɗanda in aka zaɓi reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi aka datse sauran za su tashi cikin hanzari. Manoma suka sa wa abin suna sassaben zamani, alhali kuwa sassaben kakanninsu ne, kuma an ƙiyasta cewa ta wannan hanya an farfaɗo da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Zinder. Hannun da ke zaɓen reshe a can da hannun mai almakashi a Takamatsu ilmi ɗaya suke aiki da shi.

Akwai ma wani ɗan tsiro namu da ya shiga wancan ciniki na kasko ba da saninmu ba, watau ƙarya, mai kumburarren gindi da jan fure, wadda ake yi wa karin maganar nan cewa fure take ba ta 'ya'ya. Masu lambu a Tailan da Taiwan sun mai da ita haja, suna aurar da launi da launi suna aikawa ƙasashen duniya, mu kuwa tana nan a bayan gida ba mai kallonta.

Inda muka rage baya shi ne wajen kimanta tsufa. Dashen wata shida yana da farashi sananne, amma gawon da ya shekara tamanin, in an zo cinikinsa, ba a tambayar shekarunsa ko buhun 'ya'yan da yake bayarwa ko damin geron da yake ƙarawa. Mai gatari zai kewaya shi ya ƙiyasta kura nawa zai cika zuwa gidan burodi ko buhu nawa na gawayi, a yi sallama kafin la'asar, kuɗin kuma su ƙare kafin kaka. Ina roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni na masarautar Daura su sa a ƙidaya tsofaffin gawo da ɗorawa da tsamiya da kuka na kowace gunduma a rubuta su a littafi da sunan mai su, kada a sare ko ɗaya sai an kai magana gabansu.